Hawan Keke a Ƙananan Hanyoyin Tuddan Ƙasar Zuru: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara fita da keke da sassafe a hanyoyin da suka ratsa tuddan ƙasar Zuru, kusan tambayoyi iri ɗaya ake maimaita mini, wasu a bakin masallaci, wasu a rumfar mai faci, wasu kuma daga matasan da suka sayi keken tsere na gwanjo suka rasa inda za su nufa da shi. Na tattara su a nan, na amsa gwargwadon abin da idona ya gani da abin da ƙafafuna suka koya mini. Wanda yake zaune a Birnin Kebbi ko Gusau zai iya ɗaukar mafi yawan bayanin ya yi aiki da shi a nasa yankin.

Me ya sa za a bar babbar hanya mai santsin kwalta a nemi ƙaramar hanyar ƙauye?

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega da Koko ta nufi Yawuri ya san amsar tun kafin a ba shi. Idan tirela ta wuce ka da gudu, iskar da take turowa takan fara ingiza ka waje, sannan ta jawo ka ciki wajen tayoyinta na baya, kuma a wurare da yawa babu gefen hanya mai kyau da za ka raɓa. Mutum yakan ƙare tafiyar wuyansa ya sage saboda waiwaye, bai ga komai ba sai bayan motoci da hayaƙinsu.

A ƙaramar hanya kuwa, abin da za ka haɗu da shi bai wuce ɗan kabu-kabu, da amalanken shanu, da motar kasuwa jefi-jefi ba. Kunnenka yana jin babur tun yana bayan tudu, saboda haka kana da lokacin da za ka gyara. Hankalinka yakan koma kan numfashinka da juyin ƙafarka da gonakin dawa da ke gefe. Ni a wurina wannan natsuwar ita ce ribar fitar, ƙarfin jiki kuwa yakan biyo baya da kansa.

Ashe akwai tuddai a jihar Kebbi? Ba fadama ce da shinkafa kawai ba?

Wanda ya san Argungu da Suru da bakin gulbi kaɗai zai iya zaton haka. Kudu maso gabashin jihar wata ƙasa ce dabam. Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru da Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba, kuma ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka da rafuka, wadda ta fi arewacin jihar samun ruwan sama da yawan itatuwa. Kakannin Dakarkari a kan waɗannan duwatsun suka zauna shekaru aru-aru kafin a sauko fili. Hanyar da ta taso daga Koko ta bi ta Mahuta zuwa Dabai, da wadda ta fita daga Zuru ta nufi Rijau a jihar Neja, da ƙananan hanyoyin da suka ɓalle daga jikinsu zuwa ƙauyuka, duk hawa da gangara ne. Hawan ba mai tsawo ba ne ƙwarai, amma yana zuwa a jere, kana gama wannan wancan yana jiranka, kuma irin wannan ya fi gajiyar da wanda bai iya tattalin ƙarfinsa ba.

Mazauna Birnin Kebbi suna da Dutsen Dukku da tuddan marmara masu shimfiɗaɗɗen kai da ke wajen Kalgo, waɗanda za su ishe su koyo. A Zamfara kuma akwai duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, sai dai a karanta amsar da ke biye kafin a yi tunanin zuwa can.

Da halin tsaron da ake ciki, anya ya dace a shiga hanyar da ba kowa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ba zan sassauta amsarta ba. Shirun hanya iri biyu ne. Akwai hanyar da ta yi shiru saboda motoci ba su da abin yi a cikinta, amma za ka ga mata ɗauke da itace, da yara suna kora awaki, da manomi da fartanya a kafaɗa, da mai babur ɗauke da buhu. Akwai kuma hanyar da ta yi shiru saboda mutanenta sun ƙaurace mata. A irin ta biyu za ka ga gona ta yi ciyawa a lokacin da ya kamata a ce an nome ta, rumfar mai shayi ta zama kufai, ka yi tafiya mai nisa ba ka ga sabon sawun babur a kan rairayi ba. Idan ka ga haka ka juya nan take, kada ka ce bari ka ƙarasa wancan tudun ka gani.

Sanin kowa ne cewa sassan Danko/Wasagu da Sakaba da yankuna da dama na Zamfara sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga da satar mutane, kuma hanyar da take lafiya a wannan makon tana iya canzawa a mako mai zuwa. Saboda haka taswirar da ke cikin waya ba ta isa shaida ba. Waɗanda suka san halin hanya a yau su ne 'yan kabu-kabun da ke tashar bakin gari, da direbobin motar kasuwa, da mai unguwa. Da ɗan gari akan ci gari. Ni ba na shiga sabuwar hanya sai na tsaya a tashar babura na gaishe su, na ambaci sunan ƙauyen da nake nufi, na tambaye su ko sun kai mutum can jiya ko yau. Idan na ga sun dubi juna kafin su amsa, na samu amsata.

Akwai wasu ka'idoji da nake riƙe da su ba na saɓawa. Ina gaya wa mutanen gida hanyar da zan bi da lokacin da zan dawo, kuma ba na canza hanya a tsakiyar tafiya. Ba na fita ni kaɗai zuwa inda ya yi nisa da gari, mu biyu ko uku muke tafiya. Ba na barin la'asar ta same ni a daji. A shingen jami'an tsaro ko na 'yan sa-kai ina sauka daga keke tun daga nesa, in cire tabarau da ƙyallen da na rufe hanci da shi, in yi sallama, in nuna katin shaida idan an nema, kuma ba na ɗaukar hoto a wurin. Baƙon fuska a cikin baƙon tufafi abin tuhuma ne a ƙauyen da aka taɓa kai wa hari, kuma mutanen suna da gaskiyarsu. Kada kuma a dogara da waya kacokan: a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda matakan tsaro, kuma ko ba wannan, akwai kwaruruka da yawa a ƙasar Zuru da sabis ba ya sauka cikinsu.

Idan duk hanyoyin nesa ba su kwanta maka a rai ba, ka nemi tudu ɗaya a bakin gari, inda ake ganin rufin gidaje, ka hau shi sau biyar ko shida. Ƙafa ba ta san bambanci ba.

Keken da nake da shi na gida, irin Phoenix ko Raleigh, zai yi wannan aikin?

Zai kai ka, domin da shi iyayenmu suka riƙa kai buhun dawa kasuwa a kan waɗannan tuddan, amma za ka riƙa sauka kana turawa. Dalilin yana cikin lissafin haƙoran faifan da sarƙa take bi a kansu. Irin wannan keken giya ɗaya gare shi, galibi haƙora wajen 44 a faifan gaba da 18 a na baya, saboda haka duk juyin feda ɗaya yana tura ka fiye da mita 5. A fili wannan daidai ne, a hawa kuwa nauyi ne da gwiwa ba za ta jure ba. Keken da aka yi domin tuddai yana da ƙaramin faifai mai haƙora 34 a gaba da babba mai 32 ko 34 a baya, wanda juyi ɗaya ba ya tura ka fiye da mita 2 da 'yan kai. Aikin hawan bai ragu ba, an dai yanka shi ƙanana yadda ƙafa za ta iya haɗiyewa.

Saboda haka idan za ka sayi keken gwanjo, kada fenti da sunan kamfani su ɗauke maka hankali. Ka durƙusa ka ƙirga haƙoran babban faifan baya. Da yawa daga cikin tsofaffin kekunan tsere da ake shigowa da su an yi su ne domin gudu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, babban faifansu na baya bai wuce haƙora 23 ko 25 ba, kuma su ne suke sa matashi ya tsani tudu tun a makon farko. Keke mai kauri irin na hawan dutse, mai taya inci 26, ya fi nauyi, amma giyarsa tana da sauƙi, kayan gyaransa kuma suna samuwa a kusan kowace kasuwa. Ga mai farawa a ƙasarmu shi na fi ba da shawara.

Wace irin taya ta dace, kuma yaya ake yi da yawan faci?

Siririyar taya mai faɗin milimita 23 ta kwalta mai kyau ce, kuma ƙananan hanyoyinmu ba su cika zama haka daga farko har ƙarshe ba. Kwalta takan yanke a koma burji, burji ya koma tsakuwa, sannan kwalta ta sake dawowa. Taya mai faɗin milimita 32 ko 35 ta fi dacewa idan jikin keken zai karɓe ta, domin ba ta buƙatar iska mai tsanani, ba ta jijjiga hannu, kuma tana riƙe ƙasa a kwana. Iyakar iskar da taya za ta ɗauka a rubuce take a gefenta. Kada a cika ta har ta zama kamar dutse, kada kuma a bar ta da laushi, domin taya mai laushi idan ta daki bakin rami, rim yakan datse tiyub ya bar ƙananan huji biyu gefe da gefe.

Babban abokin gabar mai keke a nan shi ne tsidau, wannan 'yar ciyawa mai shimfiɗa a ƙasa wadda 'ya'yanta suke da ƙaho ta kowane gefe. Bayan damina takan bushe ta cika gefen hanya, kuma sau da yawa ba a kan tafiya take kama mutum ba, sai a lokacin da ya ratse ya tura kekensa zuwa inuwa. Ni idan zan huta, ɗaga keken nake yi in ɗauke shi zuwa gindin itacen, kuma kafin in sake hawa sai na juya kowace taya a hankali ina shafawa da yatsa. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa su ma suna nan, musamman inda aka yi shinge da su. Idan ka yi faci, kafin ka mayar da tiyub ka shafa cikin tayar da hannu ka ciro ƙayar, in ba haka ba za ka sake saukowa kafin ka kai tudu na gaba.

Wani abin da yake ba sababbi mamaki shi ne bawul. Kekunan tsere da yawa siririn bawul gare su mai ɗan noti a kai, wanda bakin famfon mai facin ƙauye ba ya kama shi, domin nasa na bawul mai kauri ne irin na babur da mota. Ka tafi da naka ƙaramin famfo, da tiyub ɗaya ko biyu na ajiya, da gam da roban faci, da abin ɓanɓare taya, da 'yan makullan da suka dace da notocin kekenka.

Yaya ake hawa tudu ba tare da numfashi ya ƙare a tsakiya ba?

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya taho da gudu ya afka wa tudun da giya mai nauyi, yana zaton zai cinye shi da ƙarfin tuwo. Kafin ya kai rabi cinyoyi sun ɗauki wuta, ƙirji yana bugawa, sai ya nemi canza giya a lokacin da sarƙa take ɗaure tamau, ita kuma ta yi ƙara ko ta zame. Giya ana sauke ta ne tun a gindin tudu, kuma a daidai lokacin canzawa a ɗan sassauta takun feda. A zauna a kan sirdi, a saki kafaɗu, a bar ƙafa tana juyi da sauri da sauƙi, kamar sau 70 zuwa 90 a minti ɗaya a inda hawan bai tsananta ba. Ma'aunin da nake bai wa mutane shi ne magana: idan ba za ka iya amsa gaisuwar manomi da cikakkiyar jimla ba, ka wuce ƙarfinka, ka rage.

Masu wannan harka suna auna tsananin hawa da kashi cikin ɗari. Kashi 5 yana nufin a duk mita 100 na tafiya ƙasa ta ɗaga da mita 5, kuma wannan mai lafiya zai iya jure shi na tsawon lokaci. Kashi 10 kuwa yana sa mutum ya miƙe tsaye a kan feda. Miƙewar tana da amfani na ɗan lokaci domin a huta da mazauni ko a haye wani ɗan gajeren wuri mai tsauri, amma tana cin numfashi, kuma a kan burji tayar baya takan yi ta zamewa idan nauyinka ya bar kanta.

Tuddanmu suna da wata yaudara. Kana hango abin da ka ɗauka shi ne ƙoli, ka zuba duk abin da ya rage maka, kana isa sai ka ga hanya ta karkata ta ci gaba da hawa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A tudun da ba ka sani ba, ka riƙa ajiye ɗan ƙarfi har sai ka ga hanya ta sunkuya da idonka. Idan kuma ya gagara, saukowa a tura ba abin kunya ba ne.

Gangara fa? Ai nan ba wahala.

A gangara na ji raunin da har yau tabonsa yake gwiwar hannuna. Wata safiya ce a ƙarshen damina, an kwana ana ruwa, na sako daga wani tudu da na sha bi, na saki birki ina jin daɗin iska. A ƙasan gangaren akwai kwalbati a daidai kwana, kuma ruwan daren ya kwaso rairayi ya shimfiɗa a kan kwaltar, launinsa kusan ɗaya da na hanyar. Na gan shi a makare, na damƙe birkin gaba ina cikin kwanar, tayar ta zame, sai ga ni a ƙasa ina jan jiki. Wani dattijo da ke yankan ciyawa a bakin rafin ya ajiye laujensa ya zo ya ɗaga ni, ya zuba mini ruwa daga gorarsa a kan ciwon. Na ce, “Baba, na gode, Allah ya saka da alheri.” Ya ce, “Sannu ɗana. Duk ranar da aka kwana da ruwa, nan wurin sai ya kayar da mai babur. Mu da muke nan a ƙafa muke wuce shi.”

Abin da na koya shi ne, hanyar da ka sani jiya ba lallai ita ce ta yau ba, kuma ƙasan gangare shi ne matattarar rairayi da ramuka da dabbobi masu zuwa shan ruwa. Birki ana kama shi ne kafin a shiga kwana, a lokacin da keke yake miƙe, a kama biyun tare a hankali. Na gaba shi ya fi tsayar da keke, saboda haka a ja jiki baya a kan sirdi idan za a matse shi. A kan rairayi ko tsakuwa kuwa a sassauta masa, a bar keken ya miƙe ya wuce. A dogon gangare kada a riƙe birki a ja shi tun daga sama har ƙasa, domin rim yakan yi zafi, a riƙa kamawa ana saki. Kuma tun a gida ka tabbatar da wane hannu ne yake kama wace taya: kekunan da suka fito daga Ingila galibi birkin gabansu a dama yake, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuma a hagu, gwanjo kuwa daga ko'ina yake zuwa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a shekara, kuma a yini?

Daga ƙarshen damina zuwa hunturu, wato daga wajen Oktoba zuwa Janairu, shi ne lokacin da na fi so. Ƙasa tana da sauran kore a farkonsa, ana girbi, hanyoyi cike da mutane, kuma safiya tana da sanyi. Idan hazo ya yi kauri a sa ƙyalle a hanci, a kunna fitilar baya ko da rana, a kuma tuna cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ya fi kyau a fuskance ta a tafiya, ta turo mutum a dawowa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, kuma duk wanda bai dawo gida kafin ƙarfe 9 ko 10 na safe ba yana wasa da lafiyarsa. A damina a kiyayi rafin da ya cika, kada a ratsa ruwa mai gudu da keke ko da an ga kamar bai kai gwiwa ba.

Ni ina fita ne bayan sallar asuba, idan gari ya waye sosai har ana gane fuskar mutum daga nesa, kuma manoma sun fara fitowa.

Me za a ci, kuma ruwa nawa za a sha?

A ƙiyasta rabin lita zuwa kusan lita ɗaya a kowace awa gwargwadon zafi, wato leda ɗaya ko biyu ta fiya wata. A riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta zo, musamman a hunturu da gumi yake bushewa nan take har mutum ya zaci bai yi ba. Idan tafiyar za ta wuce awa biyu, gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake haɗa wa yara masu gudawa: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Kafin fita kofin kunu ko koko da ƙosai kaɗan sun isa. A aljihu a sa dabino da ƙuli-ƙuli ko ayaba, a ci kaɗan-kaɗan a kan hanya kafin yunwa ta kama, domin idan ta kama mai keke a tsakiyar tuddai ƙafafu sukan mutu gaba ɗaya, hannu ya riƙa rawa. Fura da nono a bar ta sai an kusa gida. Idan kai ya fara sarawa, ko jiri ya zo, ko gumi ya tsaya alhali ana cikin rana, a nemi inuwa a jiƙa jiki, tafiyar ranar ta ƙare.

Ana iya yi da azumi?

Doguwar tafiya a bar ta sai bayan salla. Wanda ba ya son ƙafarsa ta manta zai iya yin rabin awa a hankali a cikin gari gab da shan ruwa.

Dole ne a sa matsattsun kayan nan da ake gani a talabijin?

Ba dole ba ne, kuma ni ba na shiga ƙauye da su a fili. Amfanin gajeren wandon masu tsere shi ne ɗan matashin da aka ɗinka a cikinsa, wanda yake hana mazauni gogewa. Ana iya sa shi a ciki, a ɗora wando mara nauyi wanda ya rufe gwiwa, a ɗaure ƙafarsa ta dama domin kada sarƙa ta kama. Riga ta zama mai haske da ake hangowa daga nesa, a guji mai launin kakin soja ko baƙa wuluk saboda dalilin da na faɗa a sama. Abin da ba na yarda a bari shi ne hular kwano. Ranar da na faɗi a kwalbatin nan, gefen hulata ya tsage, kaina kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Hular da ta taɓa dukan ƙasa haka ta gama aikinta, a sauya ta.

Wasu suna cewa wannan wasan Turawa ne. Haka ne?

Babbar gasar keke ta ƙasar Faransa ta faro tun 1903, wannan gaskiya ne, amma maƙwabtanmu na Burkina Faso suna gudanar da tasu gasar zagayen ƙasa tun 1987. A 2024 Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya ya lashe zango uku a gasar ta Faransa, ya kuma tafi da koriyar riga, wadda ake bai wa wanda ya fi kowa tara maki, a 2025 kuma aka yi gasar duniya ta tseren keke a Kigali ta Ruwanda, ƙasar da tuddanta suka fi namu tsauri nesa ba kusa ba. Yaron da yake hawo tudu da jarkoki huɗu na ruwa a bayan keke mai giya ɗaya yana da ƙafar da za ta ba mutane mamaki idan ya samu keken da ya dace da mai koya masa.

Yaya ake yi da shanu da karnuka da shanyar da ake yi a kan kwalta?

A tuna cewa hanyar ta masu ita ce, mai keke baƙo ne mai wucewa. Idan garke yana tsallakawa a tsaya cak, a gaida makiyayi, a jira, kada a kutsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, kada kuma a buga ƙararrawa a kansu. Kare idan ya biyo ka a hawa ba za ka tsere masa ba, ka sauka ka sa keken tsakaninka da shi, ka daka masa tsawa, galibi zai koma. Akuya da kaji ba su da tabbas, a rage gudu tun daga gidan farko na ƙauye.

Da kaka za ka tarar an shanya masara ko barkono ko rogo a gefen kwalta, wani lokaci an jera duwatsu a kewaye. Gumin wani ne na shekara guda, a kauce masa, kuma duwatsun sukan rage a hanya bayan an kwashe shanyar. Yara za su biyo ka da gudu suna ihu, ka ɗaga musu hannu, amma ka lura da ƙaramin da zai iya faɗo maka a gaba. A riƙe hannun dama kamar yadda dokar hanya ta tanada tun 1972, har a kwanar da kake ganin ba kowa, domin ɗan kabu-kabun da ke tahowa daga bayan dutse shi ma zaton da yake yi ke nan.

Gwiwata da mazaunina suna ciwo. Me na yi ba daidai ba?

Mafi yawa sirdi ne ya yi ƙasa. Ka hau keken ka jingina da bango, ka ɗora dunduniyarka a kan feda a lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsayin ya yi daidai. Giya mai nauyi ita ce sanadi na biyu. Ciwon mazauni yakan ragu bayan mako biyu ko uku, amma ciwon gwiwa mai suka wanda bai tafi ba bayan an gyara sirdi, a kai shi asibiti.

Wane irin kulawa keke yake buƙata a ƙurar nan tamu?

Sarƙa ce take shan wahala. Al'adar da aka saba ita ce a zuba mata baƙin mai har ya riƙa ɗiga, amma ƙura tana haɗuwa da shi ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye sarƙar da haƙoran faifai tare. A goge ta da tsumma bayan kowace fita, a ɗiga mata mai mara kauri irin na keken ɗinki a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a sake gogewa har bayanta ya bushe. Kafin a fita a matse kowane birki a tura keken a gani, a duba robobin birki ko sun cinye ko tsakuwa ta maƙale a jikinsu, a kuma girgiza kowace taya gefe da gefe a ji ko boris ya yi sako-sako.

Idan keke ya lalace a nesa da gari, kuma na kasa gyarawa fa?

Saboda wannan nake ajiye kuɗin babur a cikin leda, dabam da wayata. Ka tura keken zuwa ƙauye mafi kusa, ka yi sallama a inda ka ga dattawa, ka faɗi daga inda ka fito da gidan da kake. Kusan kowane ƙauye yana da mai gyaran babur, kuma sarƙar da ta tsinke ko notin da ya kwance ba sa gagararsa, sai dai ka tsaya a kansa kada ya sa guduma a inda makulli ya kamata. Idan gyaran ya faskara, a cire tayar gaba, a ɗaure keken a bayan babur da roba, a sa tsumma ta ɓangaren giyar baya domin kada ta lanƙwashe, sannan ka kira gida tun daga wurin da sabis ya fara kamawa ka shaida musu cewa a kan babur kake dawowa.